GMC ta 1996: an sa sabon famfo, amma matsin mai bai wuce 50 ba

Mai Wanet, Jidda

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa masu sana'a. Shawara nake nema a kan a-kori-kura ƙirar GMC Sierra ta 1996, injin 5.7 mai silinda takwas, doguwar bodi, shigowar Amurka. Kayan gini take ɗauka tsakanin Jidda da Makka, wani lokacin har Ɗa'if.

Ga yadda take yi. Da safe sai an ja kik sau biyu ko uku kafin ta kama. Amma in na murɗa makulli na mayar, na sake murɗawa har sau uku ban buga kik ba, tana tashi da wuri. A silo lafiya lau, ba ta rawa. A shimfiɗaɗɗen titi babu lodi ma ba za ka gane komai ba. Da an ɗora mata kaya aka kama hawa, ko na taka totur zan wuce wata mota, sai ta riƙa shaƙewa kamar an riƙe ta ta baya, wani lokacin har da tari ta bakin iska. Abin ya fi tsanani da azahar, da kuma lokacin da mai ya sauka ƙasa da kwata.

Abin da aka riga aka sauya: fulogi takwas da wayoyinsu, murfin distiribita, filtar mai, sannan wata huɗu da suka wuce an sa sabon famfon mai a tanki. An sa kwamfuta ta ba da lambobin matsala P0171 da P0174. Jiya na ari agogon gwajin matsin mai na ɗaura a bawul ɗin da ke kan bututun mai a bayan injin. Makulli a buɗe injin a kashe 50 psi (ma'aunin matsi), a silo 46, da an kashe kuma kafin minti biyu allura ta faɗo zuwa 20.

Wani ya ce famfon jabu ne, in sayi wani. Wani ya ce gizo-gizon nozul ne, wato tarin nozul da tiyoyinsu, gaba ɗaya ya mutu. Duka biyun kuɗi ne masu kauri, kuma ba na so a sake sauke tanki a banza. Ta ina zan fara?

Mu'allim Bala, Sina'iyyar Jidda

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka yi daidai da ka auna kafin ka tambaya, domin lambobin nan uku da ka kawo sun rage mana rabin aiki.

Tunda ka samu bawul na ɗaura agogo a kan bututu, injinka Vortec ne, mai baƙin murfin manifol na roba (manifol shi ne mai raba iska ga silinda). Na faɗi haka ne saboda masu karatu da ke da irin motar: kada a dogara da shekarar da ke cikin istimara, wato takardar rajistar mota, a buɗe bonet a duba. Tsohon injin TBI, wanda ake ganin nozul biyu a tsaye a saman maƙogwaron iska kamar kafireto, 9 zuwa 13 psi kawai yake so, kuma ba shi da wannan bawul, sai an sa mahaɗi a gurbin filta. Vortec kuwa 60 zuwa 66 psi yake so idan famfo na aiki injin a kashe, wato bar 4.1 zuwa 4.5 ga mai agogon bar. A silo yana sauka da 3 zuwa 10, saboda iskar manifol tana jan regileta, mai daidaita matsin mai.

To 50 ɗin nan naka ba "ɗan ƙasa kaɗan" ba ne. A wata motar rashin 10 psi ba zai hana ta tashi ba, amma wannan injin na daban ne. Nozul ɗinsa takwas suna taru a wuri guda a ƙarƙashin murfin manifol, kowanne da siririn tiyonsa da ke tafiya bakin silinda, shi ya sa ake ce masa gizo-gizo. A ƙarshen kowane tiyo akwai ɗan bawul mai ƙwallo da sifirin, ba wuta ke buɗe shi ba, ƙarfin mai ne ke ture shi. Idan matsi ya gaza, musamman bawul ɗin ya tsufa ya yi danƙo, wasu su buɗe wasu su ƙi. Wannan ne dogon kik ɗin da kake yi da safe. Murɗa makulli sau uku kuwa, kowace murɗawa kwamfuta tana kunna famfo na sakan biyu, kana cika bututun da ya tsiyaye cikin dare ke nan. Lambobin kwamfutar ma sun dace: P0171 da P0174 na nufin iska ta fi mai yawa a ɓangarorin injin duka biyu. Da regileta ce ke zubar da mai cikin manifol, an fi sa ran ganin akasin haka, P0172 ko P0175, da baƙin hayaƙi wajen tashi da warin fetur a baƙin mai. Wannan bai wanke ta ba tukuna, amma ya sa ba ita ce ta farko a zargi ba.

Ka lura abubuwa biyu ka gano, ba ɗaya ba. Na farko matsi ba ya kaiwa inda ya kamata. Na biyu ba ya tsayawa bayan an kashe. Lafiyayyen layi bai kamata ya sauka fiye da 5 psi cikin minti goma ba, naka ya zubar da 30 cikin minti biyu. Akwai lalacewar da ke kawo ɗaya kawai, akwai wadda ke kawo duka biyun, kuma a nan za a raba.

Kafin komai ka gwada agogon a wata mota mai lafiya, domin na aro da yawa sun sha faɗuwa ƙasa, suna iya ƙarya da 5 ko fiye. Ka kuma fitar da iskar da ke cikin tiyonsa ta ɗan maɓallin gefe. Sannan kada ka dogara da sakan biyun nan. Cire katawut ɗin famfo, wato suwic ɗin da kwamfuta ke kunna famfo da shi, a akwatin fiyus da ke cikin bonet ɓangaren direba, ka haɗa ƙafa ta 30 da ta 87 da waya mai fiyus na amfiya 20. Famfo zai yi ta aiki, ka karanta allura a natse.

Gwajin da zai raba gardama shi ne na rufe hanya. Bututu biyu ne ke zuwa injin: na kawo mai, kauri 3/8 na inci, da na mayarwa tanki, 5/16. Ka samo bawul irin na kashewa da buɗewa ka sa a kowanne; na kawowa ya fi sauƙi a wajen filta, a cikin shasi ƙarƙashin kujerar direba. Kada ka matse tiyon da filaya. Mai saƙar ƙarfe a jiki da na roba mai tauri duk suna fashewa ta ciki ba ka gani ba, ka ƙara wa kanka aiki.

Famfo na aiki, ka riƙa rufe na mayarwa a hankali kana kallon agogo. Idan allura ta haura 66 da sauri, famfo da wutarsa suna da ƙarfi, regileta ce ke sakin mai da wuri. Da ta kusa 75 ka buɗe, fiye da haka yana ɓata regiletar. Idan ka rufe gaba ɗaya allura ta tsaya a hamsin da wani abu, mai ne ba ya isowa da ƙarfi, matsalar tana baya: wuta, filta, bututu da ya lotse, ko cikin tanki.

Sai na tsiyaya. Buɗe duka biyun, kunna famfo matsi ya hau, ka rufe na kawowa a daidai lokacin da ka kashe famfo. Agogonka yana ɓangaren injin, saboda haka idan allura ta tsaya cak, injin ba ya zubarwa, man yana komawa ne ta cikin tanki. Idan ta ci gaba da sauka, maimaita ka rufe na mayarwa shi ma. Ta tsaya? Regileta ce ke barin mai ya wuce. Ba ta tsaya ba alhali duka biyun a rufe? To a nan ne kawai za a yi maganar buɗe manifol, domin ko dai nozul na ɗiga ko fatar regileta ta huje. Kafin a kwance ma ana iya buɗe totur a haska tocila ciki: manifol ɗin da ya shekara ashirin baƙi ƙirin yake da ƙura da mai, in ka ga wani wuri ya wanku fes yana sheƙi, fetur ne ke wanke shi.

Sayen famfo ko gizo-gizo kafin wannan gwaji cinikin biri a sama ne. Ka yi shi ka kawo mana lambobi.

Baba Idi mai wayarin, Makka

Mu'allim Bala ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara basira. Inda kawai zan saɓa masa shi ne jeri. Ni a ganina kafin a kwance ko bututu ɗaya, a fara auna wuta, domin ba ta buƙatar a zubar da fetur, minti ashirin ta isa, kuma motar da ta kai wannan shekaru da wuya ka samu wayoyin famfonta ba su da laifi ko kaɗan.

Yaro, famfo na'ura ce ƙarama ta lantarki. Saurin juyawarta ya danganta da wutar da ta iso mata, ba wadda ke kan batir ba. Idan volt biyu suka ɓace a hanya, sabon famfo na asali ma zai ba ka hamsin. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a zare soket ɗin tanki, a sa mita, a ga 12, a ce wuta lafiya. Wannan awo ba ya nuna komai. Waya da ta rage silli ɗaya a ciki ma za ta nuna 12 in babu abin da ke jan wuta. Dole soket yana haɗe, famfo yana aiki, ka soka siririyar allura ta bayan soket ɗin.

Wayar famfo ita ce mai ruwan toka. Ta shunayya ta awwama ce, mai nuna yawan mai a dashbod, kada ka ba ta wuta. Baƙa ita ce ardi, wato mai mayar da wuta ta jikin shasi. Ka ƙara wa mitarka doguwar waya. Kan mita ɗaya a kan jan kan batir, ɗayan a wayar ruwan toka wajen tanki: abin da mita ta nuna shi ne abin da ya ɓace a hanyar zuwa, kada ya wuce rabin volt. Sannan kai ɗaya a baƙin kan batir, ɗayan a baƙar waya wajen tanki: wannan kada ya wuce 0.2. Na biyun nan shi aka fi mantawa, kuma shi ya fi kamawa. Ardin famfo ɗaure yake da kusa a jikin shasi kusa da tanki, inda ruwan wanki da ƙura ke taruwa. Motar Jidda ga danshin teku, in kuma shigowar Amurka ce wataƙila ta sha gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Za ka ga kusar a ɗaure tamau, amma in ka kwance ka tarar ƙarƙashin zoben ya yi ja kamar garin bulo. A goge da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, a sa sabon zobe, a ɗaure, a shafa giris a kai.

A hanyar zuwa kuma wurare uku ne: fiyus mai suna ECM B, ƙafafun katawut, da soket ɗin saman tanki. Zare katawut ka duba ramukansa da tocila. Idan robar gefen rami ta yi ruwan ƙasa ko ta narke, ƙarfen ciki ya saki, yana ɗumama, kuma yadda yake ƙara zafi haka yake ƙara cin wuta. Wannan yana daga cikin dalilan da mota za ta yi lafiya da asuba ta lalace da azahar. Sauya katawut kaɗai ba ya gyara shi, sai an matse ramin ko an sauya shi.

In kana da mita mai auna amfiya, sa ta a gurbin wayar da Mu'allim ya ce ka haɗa 30 da 87. Famfon irin wannan matsi yakan ja wajen 7 zuwa 10. Ya haura haka matsi kuma ƙasa, famfo na fama da toshewa a gabansa ko yana cijewa. Ya yi ƙasa sosai, ko wuta ba ta isa, ko famfo na juyawa a sake ba ya tura komai mai nauyi, kamar wanda ke zubar da mai a cikin tanki. Ka tabbata mitar tana ɗaukar amfiya 10 ko sama da haka kafin ka sa, kada ka ƙona ta.

Wani abu ga masu tsohon TBI: a jikinsu akwai suwic na matsin baƙin mai da ke ba famfo wuta ta wata hanya idan injin ya fara juyawa. Katawut zai iya mutuwa sarai mota ta ci gaba da tashi, sai dai da dogon kik. Alamar ita ce ba ka jin kukan famfo na sakan biyu in ka murɗa makulli. Kai tunda murɗawa sau uku tana taimaka maka, katawut ɗinka yana kamawa.

Mai Wanet, Jidda

Na gode Mu'allim, na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Na bi yadda kuka ce, na fara da wuta.

Agogon na gwada shi a wata mota, daidai yake. Batir 12.4, amma a soket ɗin tanki famfo na aiki 10.6 kawai. Hanyar zuwa ta ci 0.7, ardi ya ci 1.1. Ardin kamar Baba yana gani, tsatsa ce jawur. An goge an sa sabon zobe, an matse ramukan katawut. Yanzu 11.9 ke isa, matsi ya hau 55. Amfiya 5 da rabi.

Sai bututu. Na rufe na mayarwa gaba ɗaya, allura ba ta wuce 57 ba. Na rufe na kawowa bayan matsi ya hau, ta tsaya cak, minti goma ba ta sauka ko 2 ba. Da na buɗe, nan take ta fara zubewa. Filta sabuwa ce, kuma na bi bututun tun daga tanki ban ga inda ya lotse ko yake jiƙa ba.

Ke nan famfon ne? In sayo wani kafin a sauke tanki?

Mu'allim Bala, Sina'iyyar Jidda

Madalla. Gizo-gizo da regileta sun fita, kada ka bari kowa ya taɓa manifol. Baba Idi kuma ya yi gaskiya, ga 5 psi ta dawo da sanfefa kawai, kuma da an sa famfo na uku a kan wancan ardin shi ma da bai daɗe ba.

Saura cikin tanki, amma kada ka yi saurin cewa famfo. Duba abin da ke hannunka: matsi ba ya hawa ko an toshe masa hanya, yana zubewa baya da sauri, amfiya kuma ƙasa. Bawul mai hana mai komawa da ke cikin famfo, idan shi kaɗai ya lalace, zai ba ka zubewa da dogon kik, amma mota na tafiya matsi zai cika. Famfo da ya gaji zai ba ka raunin matsi, amma sau da yawa yana riƙe abin da ya tara. Abin da ya fi haɗa ukun a lokaci guda shi ne ɓula tsakanin bakin famfo da bututun ƙarfen da ke fita saman tanki.

A motar 1996 famfo ba a cikin kwandon roba yake ba kamar na shekarun baya-bayan nan. Rataye yake a jikin ƙarfen da ke ɗauke da awwama, kuma abin da ke haɗa shi da bututu ko dai guntun tiyo ne da bai fi tsawon yatsa ba, ko wata 'yar gwangwani mai robobi biyu a ciki da aka sa don rage bugun mai da ƙara. Gwangwanin nan turawa kawai ake yi, babu maɗauri. In an zare tsohon famfo aka tura sabo a cikinta, robar da ta shekara da shekaru ta riga ta sandare, ba ta sake kamawa. In kuma tiyo ne aka yanko daga irin wanda ake sa wa a waje, shi an yi shi ne fetur ya bi ta cikinsa kawai, bayansa ba ya jure zama cikin fetur. Wata uku zuwa shida sai ya kumbura ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya, ya tsage a gefen maɗauri. Ka ce wata huɗu da sa famfo, lissafin ya yi kusa ƙwarai.

Akwai gwajin kunne da za ka yi yau. Mai yana ƙasa da kwata, buɗe murfin tanki, haɗa 30 da 87, injin a kashe, ka kara kunne a bakin. Kukan famfo daban, zubar man da ke dawowa daban. In ka ji wani tsiiii kamar ana fesa ruwa a jikin kwano, kuma ya ci gaba na ɗan lokaci bayan ka cire waya, ɓular ce.

Game da saye: ka sayi tiyo da maɗaurai da rariya da zoben bakin tanki tun yanzu, ba su da tsada. Tiyon ya zama mai rubutun 30R10 a jiki, shi ne na nutsewa cikin fetur. 30R7 da 30R9 na waje ne. Maɗauri irin na layin nozul mai santsin ciki, ba mai tsaga-tsaga da ke yanka roba ba. In gwangwani ka tarar, cire ta ka sa tiyo a gurbinta, famfo zai ɗan ƙara ƙara, ba wani abu. Famfo kuwa ka bari sai an fito da na ciki an gani. In tiyo ya tsage a fili, gyara shi, ka gwada matsi kafin ka mayar da komai wurinsa. In tiyo lafiya, to famfon ne, kuma wajen saye ka kula: na TBI da na Vortec kamarsu ɗaya a ido, suna zama a ƙarfe ɗaya. A lambobin ACDelco, EP381 shi ne na Vortec, EP386 na TBI. Na tashlih, wato wanda aka ciro daga matacciyar mota, ban ba ka shawara ba a wannan wuri, wahalar isa gare shi ta fi kuɗin sabo.

Alhaji Ɗanjuma, Madina

Ƙari kaɗan a kan abin da malamai suka faɗa, musamman maganar azahar da kwatan tanki, domin ɓular tiyo ba ta gama bayyana wannan ba.

Wannan tsari mai bututun mayarwa yana zagaya mai ne ba tsayawa: ya je injin ya ɗebo zafi ya dawo tanki. Tankin doguwar bodi galan 34 ne, kusan lita 129. In ya cika, zafin yana bajewa. In lita ashirin ta rage, ga kwalta na huci daga ƙasa, ga salansa a gefe, man yana ɗumama sosai, kuma fetur mai zafi yana saurin zama tururi a bakin famfo inda ake tsotsa. Idan rariyar gindin famfo ta toshe rabi, tsotson yana ƙara ƙarfi, tururin ya ƙaru, matsi ya faɗi a daidai lokacin da kake hawa. Saboda haka in an buɗe a duba ko an sauya rariya lokacin da aka sa famfo. Da yawa sukan mayar da tsohuwa. A haska cikin tankin kuma: akwai kwanon da famfo ke zama a ciki don kada mai ya guje masa a hawa ko kwana, wani lokacin yana ɓallewa ya riƙa yawo. In akwai laka ko jan gari a ƙasa, a wanke tanki a shanya, in ba haka ba sabuwar rariya ma sati kaɗan za ta yi.

Wajen aikin, a-kori-kura ta fi sauƙi a ɗaga bodi a kan a sauke tanki, musamman in akwai mai a ciki. Cikakken tanki man kaɗai ya haura kilo 90. A kwance kusoshin bodi, da sukurorin wuyan zuba mai, da soket ɗin fitilun baya, mutum huɗu su ja ta baya, ko a ɗaga ɓangaren direba a tokare da katako mai kauri. Amfaninsa shi ne kana iya tayar da mota ka auna matsi tanki yana wurinsa. A cire baƙin kan batir kafin a buɗe. A share ƙurar saman tanki da iska tukuna. Zoben da ke kulle bakin a buga shi da tagulla ko katako, ba ƙarfe a kan ƙarfe ba, saboda tartsatsi. A yi a fili mai iska, da sassafe, tukunyar kashe gobara a kusa, kuma kada a gwada famfo a waje a busasshe da wayar batir kusa da buɗaɗɗen tanki.

A duba soket ɗin da ke ƙarƙashin murfin ta ciki ma. Ƙananan wayoyin nan biyu da ke sauka zuwa famfo sukan ƙone a bakin soket, kuma awon da Baba Idi ya bayar daga waje ba ya ganin wannan.

Mai Wanet, Jidda

An ɗaga bodi yau da safe. Tiyo ne, ba gwangwani ba. Ya kumbura ya yi taɓo-taɓo, da na lanƙwasa shi sai ga tsaga kamar tsawon farce a ƙarƙashin maɗaurin sama, babu kowane rubutu a jikinsa. Rariyar ma tsohuwa ce, ta yi baƙi ta manne. An sa 30R10 da sabuwar rariya, an bar famfon. Makulli a buɗe 62, a silo 55, bayan minti goma da kashewa 60. Bugu ɗaya ta tashi. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara buɗi.

Tambaya ɗaya ta rage: shi ke nan in ɗora kaya, ko akwai abin da zan ƙara dubawa?

Mu'allim Bala, Sina'iyyar Jidda

Alhamdu lillahi. Lambobin tsaye sun yi, saura na tafiya. Ka bar agogon a ɗaure, ka fito da tiyonsa ta bayan bonet ka manne shi da salatif a jikin gilashi ta waje, kada ya shigo cikin mota. Ka ɗora rabin lodi, mai kwata, da rana, wani yana tuƙi kai kana kallo. In an taka totur a hawa allura ta tashi zuwa wajen 60 ta zauna. In ta hau ta fara zamewa ƙasa, man da ke isowa bai kai yawan da injin ke sha ba, sai a auna yawa a bututun mayarwa, kada ya gaza rabin lita cikin sakan 30.

Filtar nan kuma a sake ta duk da sabuwa ce, tunda ɓarɓashin ruɓaɓɓen tiyo ta nan ya bi. GF481 ce, kibiyar jikinta ta kalli injin, sifana 16 a noti 20 a jikin filta, ka duba ƙananan zobban roba na bakin bututun kafin ka ɗaure. A goge lambobin kwamfuta, ka yi kwana uku kana aiki da ita, sannan a sake dubawa. In P0171 da P0174 suka dawo alhali matsi na nan a 62, sai mu koma kan na'urar auna iska da gasket ɗin manifol na ƙasa.